Ƙananan Jijiyoyin Gaban Zuciya da Matsalar Sunayensu a Hausa



Gabatarwa

Wannan lacca ta shafi waɗansu 'yan jijiyoyi ne guda biyu ko uku, wani lokaci har biyar, waɗanda ke kwance a fuskar zuciyar ɗan Adam, daidai bayan ƙashin ƙirji. Kaurinsu kamar na tsinken tsintsiya ne, aikinsu kuwa shi ne kwashe jinin da naman gaban zuciya ya gama amfani da shi, su mayar da shi cikin zuciyar. Mai sauraro yana iya tambaya, me ya haɗa nazarin Hausa da wannan al'amari na likitoci? Abin da ya haɗa su shi ne suna. Likita ya san waɗannan jijiyoyi, amma da Latin ya san su. Mahauci, watau runji a bakin Basakkwace, yana cin karo da irinsu kullum a zuciyar rago da ta sa, amma ba shi da sunan da zai kira su. Majiyyaci kuwa, wanda a ƙirjinsa suke, jijiya kawai ya sani. Tsakanin mutanen nan uku akwai giɓi, kuma harshe ne zai cike shi.

Za a fara da bayanin yadda Bahaushe yake maganar zuciya, sa'an nan a shiga fasalinta, a tsaya a kan 'yan jijiyoyin gaba, a dubi tarihin gano su da ranar da saninsu yake ceton rai. Daga ƙarshe za a juya ga ƙasar Boɗinga da ta Shagari, a kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega, domin tarihin garuruwan nan yana da darasi game da koyar da ilmi mai wuya cikin harshen da jama'a suke ji.

Zuciya da jijiya a bakin Bahaushe

In ana maganar hali da tunani, Hausa ba ta da talauci game da zuciya, ko zucciya kamar yadda ake faɗi a ƙasar Sakkwato. Akwai farar zuciya da baƙar zuciya, akwai zafin zuciya da sanyinta. Wanda ya fusata an ce ya yi zuciya, raggo an ce zuciyarsa ta mutu, jarumi yana da ƙarfin zuciya, wanda abu ya dama yana ajiyar zuciya. Sai dai duk wannan arziki na zuciyar ma'ana ne. Da an koma ga tsokar da ke cikin ƙirji, sai kalmomi su yi ƙaranci.

Kalmar jijiya ita ce babban misali. Da ita ake kiran bututun da ke ɗauke da jini daga zuciya zuwa gaɓɓai, da ita ake kiran wanda ke maido da shi, da ita ake kiran farin zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, har ma da igiyar da ke ɗaure tsoka a jikin ƙashi, ko da yake wannan ta ƙarshe tana da nata suna, watau agara. Abubuwa huɗu ke nan masu aiki dabam-dabam a ƙarƙashin suna guda. Wannan ba aibi ne na Hausa ita kaɗai ba. Girkawan dā ma sun daɗe suna haɗa agara da jijiyar saƙo cikin kalma guda, kuma sun zaci cewa jijiyoyin da ke fita daga zuciya iska suke ɗauke da ita, domin a jikin gawa babu kome suke iske su. Larabci ya rarrabe su: shiryan, da warid, da asab. Kowane harshe sai da bukata ta tilasta masa kafin ya rarrabe.

Saboda haka a cikin wannan lacca za a yi amfani da sunaye uku. Wadda ke kai jini daga zuciya za a kira ta jijiyar fita. Wadda ke maido da shi za a kira ta jijiyar komowa. Farin zaren ƙwaƙwalwa kuwa jijiyar saƙo. 'Yan jijiyoyin da ake magana a kansu duk na komowa ne.

Fasalin gidan

Zuciyar baligi ta kai kamar dunƙulen hannunsa, nauyinta tsakanin giram 250 da 350. Tana bugawa kimanin sau 70 a minti, watau wajen sau 100,000 a kwana guda, tana tura jini kamar lita 5 a kowane minti in mutum yana zaune kurum.

Cikinta kashi huɗu ne. Biyu na sama suna karɓar jini, biyu na ƙasa suna tura shi. Sunan da masana suka ba na sama da Latin ma'anarsa ɗakin shiga na gidan Rumawa, inda baƙo yake fara tsayawa. Bahaushe yana da wannan ɗaki a gidansa, sunansa zaure. Don haka babu wani dalilin aro: zauren dama da zauren hagu a sama, ɗakin dama da ɗakin hagu a ƙasa. Tsakanin kowane zaure da ɗakinsa akwai ƙyaure mai buɗewa ta fuska guda, yana barin jini ya shiga, yana hana shi komawa.

Jinin da ya gama zagaya jiki, ya yi duhu don an zuƙe iskar oksijin da ke cikinsa, zauren dama yake sauka. Daga nan ya wuce ɗakin dama, a tura shi huhu. A huhu ya sha iska ya yi ja, ya sauka zauren hagu, ya wuce ɗakin hagu, a tura shi ga jiki duka. Tun da huhu maƙwabci ne, ɗakin dama ba ya bukatar ƙarfi mai yawa, bangonsa bai wuce milimita 3 zuwa 5 ba. Ɗakin hagu kuwa, wanda zai kai jini har yatsan ƙafa, bangonsa ya ninka wannan kamar sau uku.

A nan akwai abin lura, domin shi ne mabuɗin laccar. Sunayen dama da hagu suna iya ruɗin mutum. Zuciya a karkace take cikin ƙirji, ta ɗan juya, har ɗakin dama ya zama shi ne a gaba, ɗakin hagu ya koma gefe da baya. In likita ya tsaga ƙashin ƙirji ya buɗe jakar da zuciya ke ciki, yawancin abin da idonsa zai fara gani bangon ɗakin dama ne. Saboda haka in an ce gaban zuciya, galibi ɗakin dama ake nufi.

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya

Mai tunani zai ce tsokar da jini yake cika ta dare da rana ba ta da wata bukatar a kawo mata jini. Haka manyan masana suka zata shekaru aru-aru. Gaskiyar magana ita ce bangon zuciya ya yi kauri da yawa, jinin da ke wucewa ta cikin ɗakuna ba ya iya ratsa shi, sai ɗan siririn sashen da ke fuskantar ciki. Ma'ajin baitulmali kuɗi ne ke bi ta hannunsa wuni zubur, amma da albashinsa yake cefane. Ita ma zuciya albashi aka yanka mata: kimanin kashi 5 cikin 100 na jinin da take turawa, watau wajen rubu'in lita a minti.

Wannan albashi yana zuwa ne ta jijiyoyin fita guda biyu, ta dama da ta hagu, waɗanda suka tsiro daga gindin babbar jijiyar da ke fita daga ɗakin hagu. Suna bin wani kwari da ya zagaye zuciya a kan iyakar zaurukan da ɗakunan. Masana sun ga zagayen ya yi kama da kambin sarauta, suka sa musu suna da shi. Kambin ƙasar Hausa rawani ne, don haka ya dace a ce jijiyoyin rawani, kwarin da suke bi kuma kwarin rawani. Wanda ya taɓa riƙe zuciyar rago ya san wannan kwari, shi ne wurin da farin kitse yake naɗe ta.

Tsokar zuciya mayunwaciya ce. Sauran jiki, in an haɗa shi gaba ɗaya, kimanin rubu'in oksijin da ke cikin jini yake zuƙa in mutum yana hutawa. Zuciya kuwa takan zuƙe wajen kashi 70 cikin 100. Shi ya sa jinin da ke barin bangonta yana cikin mafi duhun jini a jiki. Shi ya sa kuma in aiki ya ƙaru, kamar manomi yana huɗa, ba ta da sauran abin tatsa daga jinin da ke hannunta, dole sai an ƙara mata yawan wanda ke gudana. Abin da ya shiga kuwa tilas ya sami mafita, in ba haka ba gona ta yi jiƙo. Nan ne jijiyoyin komowa suka shigo.

Hanyoyin komowa uku

Jinin da bangon zuciya ya gama da shi yana da hanyoyi uku.

Ta farko ita ce babbar hanya. A bayan zuciya, cikin kwarin rawani, akwai wani faffaɗan bututu mai tsawon santimita 2 zuwa 3, wanda za a kira matattara. Manyan jijiyoyin komowa na zuciya a cikinsa suke zuba: babba, wadda ta taso ta kwarin da ke tsakanin ɗakunan biyu ta gaba ta zagaya hagu, da matsakaiciya, wadda ta bi kwarin baya, da ƙarama, wadda ke bin gefen dama. Matattara tana buɗewa a zauren dama ta ƙofa guda, mai ɗan ƙaramin ƙyaure. Mafi yawan jinin bangon ɗakin hagu ta nan yake bi.

Ta biyu ita ce hanyar 'yan jijiyoyin gaba, masu wannan lacca.

Ta uku wasu ƙananan hanyoyi ne ainun, waɗanda ba su fitowa fuskar zuciya sam. Daga cikin tsoka suke tasowa, su ɓulla kai tsaye cikin zaure ko ɗaki ta 'yan ramuka. Sun fi yawa a ɓangaren dama, amma akwai su a hagu, inda suke zuba ɗan jini mai duhu cikin jan jinin da ya fito daga huhu. Wannan yana cikin dalilan da suka sa jinin jijiyoyin fita, ko ga lafiyayyen mutum, yake ɗan gaza na huhu wajen yawan oksijin.

'Yan jijiyoyin gaba

Mafarinsu a bangon gaba na ɗakin dama yake. Can cikin tsoka, siraran hanyoyin jini waɗanda suka fi gashi ƙanƙanta suna haɗuwa, su zama rassa, rassan su haɗu su fito fuskar zuciya, ƙarƙashin wata 'yar tantani mai sheƙi da ta lulluɓe ta. Daga nan sai su miƙe sama, su karkata dama, su nufi kwarin rawani.

A kwarin ne halinsu yake bayyana. Jijiyar rawani ta dama tana kwance a ciki, kitse ya rufe ta. Da a ce 'yan jijiyoyin gaba irin sauran ne, da sun juya sun bi kwarin har bayan zuciya, sun zuba a matattara. Maimakon haka sai su tsallake kwarin a gicciye, yawanci ta bisa jijiyar rawani, wani lokaci ta ƙarƙashinta, su huda bangon gaba na zauren dama su zuba kayansu a ciki. Wani lokaci kowace da ƙofarta, wani lokaci biyu ko uku su haɗu kafin su shiga. A jikin waɗansu mutane akwai ɗan bututu cikin bangon zauren wanda yake tara su tukuna.

Ma'aikacin gwamnati zai gane wannan tsari da sauri. A zamanin En'e, harajin ƙauye daga hannun dagaci zuwa hakimi yake bi, daga hakimi zuwa baitulmali. Matattara ita ce hakimi. 'Yan jijiyoyin gaba kuwa kamar waɗansu ƙauyuka ne na kusa da fada da ke kai nasu kai tsaye. Duk wanda ya zauna ƙofar hakimi yana lissafi, yana zaton ya ƙidaye harajin ƙasa duka, lissafinsa zai gaza.

Akwai kuma wata jijiya da ke bin kaifin gefen ƙasa na ɗakin dama, wadda za a kira ta gefen dama. Ita halinta ya bambanta daga mutum zuwa mutum: sau da yawa takan shiga zauren dama ita kaɗai, wani lokaci ta haɗu da 'yan jijiyoyin gaba, wani lokaci ta zagaya ta bi ta matattara. Wannan bambanci darasi ne ga ɗalibi. Zanen da ke cikin littafi matsakaicin hali ne kawai, jijiyoyin komowa na zuciya sun fi na fita yawan sāɓawa tsakanin mutane.

Hanyoyin nan uku ba a ware suke ba. Akwai mahaɗai tsakaninsu a fuskar zuciya da cikin tsokarta, har in ɗaya ta toshe sannu a hankali, jini yakan nemi sauran. Mai fadama ya san wannan: in an datse babbar ƙorama, ruwa yakan koma ta ƙananan magudanai. Abin da ke tura jinin cikin waɗannan jijiyoyi kuwa shi ne matsewar zuciyar kanta. Duk bugu guda tana matse bangonta kamar mai wanki yana matse tsumma, jini ya kwarara waje. In ta saki, sabon jini ya shigo.

Yadda aka gano su

Jalinusu, likitan Girka da ya yi aiki a Rum a ƙarni na 2, ya koyar da cewa jini yana ratsawa daga ɗakin dama zuwa na hagu ta wasu ramukan da ido ba ya gani. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya bi shi a kan wannan, kuma ya ɗauka cewa jinin da ke cikin ɗakin dama ne yake ciyar da zuciya. Wanda ya ƙi yarda shi ne Ibn Nafis, mutumin Sham da ya yi aikin likita a Alƙahira ya rasu a 1288. A sharhin da ya yi wa sashen fasalin jiki na littafin Ƙanun na Ibn Sina, ya tabbatar cewa bangon da ke tsakanin ɗakunan babu rami a jikinsa, jini ta huhu yake bi, kuma zuciya tana samun abincinta ne daga jijiyoyin da suka ratsa jikinta. Wannan shi ne tushen duk abin da aka faɗa a sama. Turawa ba su kula da wannan rubutu ba sai a 1924, sa'ad da wani ɗalibin likita ɗan Masar, Muhyiddin al-Tatawi, ya ci karo da shi a ɗakin karatu na Berlin.

A 1628 William Harvey na Ingila ya buga littafinsa da ya nuna cewa jini zagaye yake yi, ya fita ya komo. A 1706 Raymond Vieussens, likita a Montpellier ta Faransa, ya ɗura launi cikin jijiyoyin rawani ya ga yana tsattsafowa cikin ɗakunan zuciya. Bayan shekara biyu, a 1708, Adam Thebesius, Bajamushe mai karatu a Leiden ta Holan, ya bayyana waɗannan ƙananan hanyoyi, har yau kuma da sunansa ake kiransu.

Su kuwa 'yan jijiyoyin gaba, an daɗe da ganinsu, amma an raina su. Ana zana su a littafi, a ba su layi biyu, a wuce. Sai a 1943 Donald Gregg da abokan aikinsa a Amurka suka auna jinin da ke bi ta cikinsu a zuciyar karnuka, suka nuna cewa babban kaso na jinin bangon ɗakin dama ta nan yake komowa. Daga nan aka fara ɗaukarsu hanya mai cin gashin kanta.

Hakin da ka raina

A 1953 John Gibbon ya yi nasarar tiyatar zuciya a Amurka da injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu na ɗan lokaci. A Nijeriya an fara irin wannan tiyata a asibitin koyarwa na Inugu a 1974. A yawancin irin waɗannan ayyuka sai an tsayar da zuciya cik, domin ba a ɗinki a kan abin da ke motsi. Ana tsayar da ita ne da wani ruwa, galibi mai sanyi, mai yawan sinadarin fotasiyam, wanda yake kwantar da tsokar ya kuma kāre ta daga lalacewa har a gama. Sharaɗin kuwa shi ne ruwan ya kai ko'ina.

Hanyar ɗura shi biyu ce. Ana iya bin jijiyoyin rawani, watau yadda jini ya saba bi. Amma in waɗannan jijiyoyi sun cushe, wanda sau da yawa shi ne dalilin tiyatar, ruwan ba zai wuce ba. Sai likitoci suka koma ɗura shi ta baya: a sa bututu a ƙofar matattara, a tura ruwan ya bi jijiyoyin komowa a juye har cikin tsoka. Dabarar ta yi amfani ƙwarai ga ɗakin hagu. Amma bangon gaba na ɗakin dama bai cika samun rabonsa ba, domin jijiyoyinsa ba su bi ta matattara ba balle saƙon ya iske su. Zuciyar da aka bar ɗakinta na dama babu kāriya tana iya kāsa tashi da ƙarfi bayan an gama aiki, ɗakin dama in ya kāsa kuwa, na hagu ba shi da abin turawa. Shi ya sa likitoci da yawa suke haɗa hanyoyin biyu, gaba da baya. Haka nan mai neman jijiyar rawani ta dama cikin kitse don ya yi mata sabuwar hanya, dole ya san akwai 'yan jijiyoyi gicciye a kanta, ya ɗaure su kafin ya yanke.

Akwai misali na kusa da gida. Ƙasar Hausa tana cikin wuraren da aka fi samun kāsawar zuciya ga mata a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa. Davidson da Parry sun buga bincike a kan mata 224 a Zariya a 1978, wani binciken kuma na asibitin koyarwa na Sakkwato a 2007 ya sami kimanin 1 cikin 100 na masu haihuwa. Wannan ciwo na tsokar zuciya ne, ba na 'yan jijiyoyin gaba ba, amma ya shafi zauren da suke zuba a ciki. In zuciya ta kāsa turawa, jini yakan taru a zauren dama, matsi ya ƙaru, duk hanyar da ke zuba a can ta yi cunkoso. Abin da likita yake dubawa ke nan in ya kwantar da mai jego ya ƙura wa wuyanta ido: jijiyar komowa ta wuya ta kumbura domin zaure ya cika. In ya ce mata jijiyarta ce ta kumbura, ita da uwarta suna iya ɗaukar cewa ciwon jijiya ne irin na sanyi, su nemi wanzami ya yi ƙaho. In ya iya ce mata zauren zuciya ne ya cika, ruwa ya rasa mafita, don haka a rage gishiri da kanwa, a sha maganin da ke fitar da ruwa, to ta ji abin da za ta riƙe.

Darasin Boɗinga da Shagari

Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Boɗinga, nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa daga wajen 1810 zuwa 1815, kafin ya koma Sakkwato inda ya rasu a 1817. Ƙanensa Malam Abdullahi a Boɗinga ya zauna a wannan zamani. Malaman nan ba su ware ilmin jiki daga sauran ilmi ba. Malam Abdullahi yana da littafi mai suna Masalihul Insan, wanda ya haɗa maslahar addini da ta jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya rubuta littattafai da dama a kan magani. Abin da ya fi dacewa da wannan lacca shi ne dabararsu: suna rubuta wa malamai da Larabci, sa'an nan su mayar da ilmin cikin Fillanci da Hausa domin makiyayi da manomi da matar aure. Ba su taɓa cewa harsunan nan sun kāsa ɗaukar fiƙihu ko tauhidi ba, alhali waɗannan fannoni ba su fi fasalin zuciya sauƙi ba.

Gaba kaɗan a kan hanyar akwai garin Shagari, mahaifar Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, ya rasu a 2018. Kafin siyasa malamin kimiyya ne a Makarantar Midil ta Sakkwato a shekarun 1940, kuma ya tsara Waƙar Nijeriya don yara su san labarin ƙasarsu da Hausa. Malamin kimiyya ne ya ga cewa abin da yaro ya ji da harshen uwarsa ya fi zama a kansa.

Kayan koyarwa ma suna nan a garuruwan. Kowace ranar kasuwa rundawa suna feɗe shanu da tumaki da awaki, kowace Babbar Salla kuma dubban zukatan raguna suna bi ta hannun magidanta. Zuciyar rago tana da zaure biyu da ɗaki biyu, da kwarin rawani da matattara, da ƙananan jijiyoyin da ke tashi daga ɗakin dama su shiga zauren dama kai tsaye. Ba daidai take da ta mutum ta kowace fuska ba. Alal misali a rago akwai wata jijiya daga bangon ƙirji da ke zuba a matattara. Duk da haka ta isa malamin sakandare ya ɗora ta a faranti, ya ɗebe kitsen kwarin a hankali, ya nuna wa yara abin da Vieussens da Thebesius suka yi ta nema. Gani ya kori ji.

Kammalawa

Sunayen da aka yi amfani da su a nan, zaure da ɗaki da ƙyaure, rawani da matattara, jijiyar fita da ta komowa, shawara ce da aka ajiye gaban masu ilmi. Kalma ba ta zama kalma sai jama'a sun karɓe ta. Jami'ar Sakkwato, wadda aka kafa a 1975 aka mayar da sunanta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, tana da masu nazarin Hausa, da kwalejin likitoci, da tsangayar likitancin dabbobi, duk a gari guda. Abin da ya rage shi ne su zauna tare, su gayyaci Sarkin Fawa da wanzamai da ungozomomi, a tattara sunayen da ke akwai tun kafin masu su su ƙare, a ƙirƙiri waɗanda babu, a gwada su a aji da ɗakin majiyyata. Ma'aikatun ilmi da na lafiya kuma su ɗauki nauyin bugawa da rarrabawa ga makarantu da asibitocin karkara.

'Yan jijiyoyin gaban zuciya su ne ma'aunin wannan aiki. Sanya wa manyan gaɓɓai suna ba shi da wuya, kowane harshe ya yi. Ranar da ɗalibar ungozoma a Boɗinga ko Shagari za ta iya bayyana da Hausa, ba tare da kame-kame ba, dalilin da ya sa jinin gaban zuciya ba ya bi ta matattara, ranar za a san cewa harshen ya shiga ɗakin tiyata da ƙafarsa.